Kulon na BAC daga laburaren DNA na ɓera: in yi oda ko akwai wata hanya?

Ɗan_Anka:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, dan Allah masu ilimin ƙwayoyin gado ku taimaka mani. Ni ɗalibin digiri na biyu na, ɓangaren bayokemistiri, nan Gusau nike zaune, kuma furojet ɗina kan gubar dalma ne. Duk ɗan yankinmu ya san abin da ya faru 2010 lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka gano yara na ta mutuwa a Dareta da Abare da Yargalma da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda dakan duwatsun zinare cikin gidaje, sama da yara 400 anka rasa, Bagega ma sai 2013 anka samu kwashe ƙasar da ta gurɓata. Abin da ka ɗaure mani kai shi na gida guda, tsakar gida guda, ƙura guda, amma sai ka iske dalmar ta fi taruwa ga jinin wani yaro bisa ga wani. Na san akwai maganar shekaru da rarrafe da kai hannu baki da rashin abinci mai kyau, amma ni ɓangaren gado nika son in taɓa, musamman ALAD, enzayim ɗin nan na hanyar haɗa jan jini wanda dalma ka ture zinki daga jikinshi ta kashe mai aiki.

To sufabaizana yac ce tunda ba mu iya farawa da jinin yara, don takardun izini kaɗai sai su cinye lokacin karatun, mu fara da ɓera, in nemo kulon na BAC mai ɗauke da Alad, wato ƙwayar gadon ALAD ta ɓera, daga laburaren RP23, in yanko wurin makunnin ƙwayar gadon, wato yankin da ka kunna ta ta fara aiki, mu haɗa shi da wata ƙwaya mai ba da haske mu ga ko dalma na motsa shi. Na shiga intanet na ga ana rubuta RP23 sai lamba sai harafi sai wata lamba, wallahi ban gane kansu ba.

Mi ake nufi da laburaren, kuma mi ya raba shi da na cDNA da munka karanta aji uku? Yaya zan gane kulon ɗin da Alad ke ciki? In an yi oda a wace kama yake zuwa, kuma zai rayu da zafin ga namu da ɗauke wuta, don firizar -80 ba mu da ita, ta -20 ce ita ma sai in janareta na da mai. Sannan fararen ɓerayen da muke da su ɗakin dabbobi, iri guda suke da wanda anka ɗebi DNA ɗin? Na gode, Allah shi saka da alheri.

Malama_BK:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan yaran nan, kai kuma ya ba ka sa'a. Ina koyar da wannan darasin a nan Birnin Kebbi kuma daidai nan ɗalibai ke cijewa, bari in bi da kai a hankali.

Ɓera yana da kuromosom 40, guda 20 daga uwa guda 20 daga uba, kuma saiti ɗaya kawai ya kai haruffan DNA wajen biliyan 2.7. Ba ka iya sa hannu cikin wannan tuli ka zaro yankin da kake so, shi ya sa ake daddatsa shi. Ana zuba masa enzayim mai yanka amma ba a barinsa ya gama, ana tsayar da shi tun yankan bai yi nisa ba, don gutsattsarin su fito manya kuma wurin yankan ya sha bamban daga wannan kwafi zuwa wancan. Kowane gutsure sai a ɗinke shi a jikin wani zoben DNA a tura zoben cikin bakteriyar E. coli, ita kuwa duk sanda ta rabu biyu sai ta kwafi abin da ke cikinta ba tare da ta san na ɓera ne ba. Zuriyar bakteriya ɗaya mai ɗauke da gutsure ɗaya shi ne kulon, tarinsu gaba ɗaya shi ne laburaren. Kuma da yake wuraren yankan sun bambanta, ƙarshen wannan gutsure yana maimaituwa a farkon wancan, kamar tsofaffin littattafan malamanmu na warƙa-warƙa da ake rubuta kalmar farko ta warƙa ta gaba a gindin wadda ke hannunka, ko iska ta watsa su ka san yadda za ka jera abinka.

Duk rigimar tana kan girman gutsuren. Da can ƙwayar bairos ta lamda ake amfani da ita, tana ɗaukar haruffa kamar 20,000, sai kosmid mai ɗaukar 40,000 da ɗoriya. A 1987 aka zo da YAC, wani kuromosom na haɗi mai zama cikin yis, yana iya ɗaukar har miliyan ɗaya, kowa ya yi murna, sai aka gano yana yawan haɗa gutsure biyu da ba maƙwabta ba a matsayin ɗaya, ko ya zubar da wani yanki a hanya, mutane suka sha wahala suna bin taswirar ƙarya. A 1992 Shizuya da Simon a Caltech suka fito da BAC, wanda aka gina kan zoben F na E. coli, kwafi ɗaya ko biyu kacal yake zama a cikin kowace bakteriya shi ya sa ba ya hargitsewa, kuma yana ɗaukar 100,000 zuwa 300,000.

Ka ɗauki biro ka yi lissafin da kanka, zai zauna maka. Raba biliyan 2.7 da 200,000, ka samu 13,500. Amma da yake kamun na kan mai uwa da wabi ne, wani wuri zai fito sau biyar wani ko sau ɗaya ba zai fito ba, don haka ƙa'idar Clarke da Carbon ta 1976 ta nuna in kana son tabbacin kashi 99 cikin ɗari cewa abin da kake nema yana ciki, sai ka ninka da kamar 4.6, wato kulon wajen 62,000. Da lamda za ka yi, sama da 600,000 kake bukata. Ka ga dalilin da BAC ya kori sauran.

Shi RP23 cikakken sunansa RPCI-23, a ɗakin gwajin Pieter de Jong aka haɗa shi a cibiyar kansa ta Roswell Park da ke Buffalo a Amurka, aka wallafa bayaninsa a 2000, daga baya rabonsa ya koma Oakland ta Kalifoniya. DNA ɗin macen ɓera ce ta zuriyar C57BL/6J, matsakaicin gutsurensa ya kusa 200,000, kuma ya rufe kundin gadon sama da sau 10. Da yake mace ce babu kuromosom Y a ciki, mai neman Y sai ya je RP24 wanda aka yi da namiji. Zuriyar nan ce dai aka karanta kundin gadonta aka wallafa a Disamba 2002, shi ya sa haruffan da za ka gani a intanet su ne ainihin abin da ke cikin kulon ɗinka, ba kame-kame.

Lambobin da suka ruɗa ka adireshi ne kawai. Ana ajiye laburaren a faranti mai ramuka 384, layi 16 daga A zuwa P, jeri 24. In ka ga RP23-100C5, misali ne fa na ba ka ba na Alad ba ne, ana nufin faranti na 100, layin C, rami na 5.

Bambancinsa da na cDNA kuwa, shi cDNA daga mRNA ake kwafo shi, wato saƙon da tantani ke kwafowa daga ƙwayar gado don haɗa furotin, don haka abin da tantanin ya riga ya tace ne, babu intron, wato yankunan tsakiya da tantanin ke yankewa ya zubar, babu makunni, babu abin da ke gaba da bayan ƙwayar gadon, kuma na hanta daban na ƙwaƙwalwa daban. Wanda ke son ya sarrafa furotin ɗin shi zai nema. Kai da kake neman makunni ba abin da zai yi maka.

Nemowa yanzu ba wuya. Da sai ka sayi wata takardar nailan da aka ɗiga dubban kulon a kanta ka yi ta wanki da alama mai rediyeshan kana jiran ɗigo ya yi baƙi a fim. Yanzu an karanta bakin kowane gutsure ta gefe biyu an ɗora a taswira, sai ka shiga shafin taswirar kundin gado na UCSC ka zaɓi ɓera ka rubuta Alad, zai kai ka kuromosom 4, ka kunna layin da ke nuna bakunan BAC, in ba ka gan shi a sabon tsari mm39 ba ka koma mm10 ko mm9. Ka zaɓi wanda Alad ya faɗo a tsakiyarsa ba a gefe ba, kuma ka rubuta guda biyu ko uku kar ka dogara da ɗaya.

Sarkin_Noman_Maradun:

Hhh ikon Allah, mu nan ɓeraye sun hana mu sakat cikin rumbu, ku kuma kuna shirin biyan dala a kawo maku nasu daga Amurka. Malam ka zo da buhu in cika maka kyauta. Amma da gaske nike tambaya, in an yi gwajin da ɓeran Turawa mi ya haɗa shi da ɗiyanmu na Bagega? Ba gara a kama na nan da sunka ci ƙasar wurin ba?

Malama_BK:

Sarkin noma tambayarka ba ta wasa ba ce. Kusan kashi 99 na ƙwayoyin gadon ɓera suna da takwara a jikin mutum, ALAD ma haka, namu yana kuromosom 9 nasu yana 4 amma aikin ɗaya ne. Matsalar na rumbunka ita ce kowanne da irin gadonsa, in biyu suka bambanta a gwaji ba ka san ko dalma ce ko iyayensu ba. Shi C57BL tun 1921 ake haɗa wa da ƙanwa har suka zama tamkar kwafin juna. Kuma da yawan na gidajenmu ma ba Mus musculus ba ne, akwai Mastomys mai yawan nonuwa, shi ne mai ɗaukar zazzaɓin Lassa, don haka kar wanda ya je kamu da hannu. Amma kama na wurin haƙar zinare a auna dalmar jikinsu bincike ne mai kyau shi ma, sai dai wata tambaya ce daban yake amsawa.

Oga_Lab_Argungu:

Slm. Malama ta gama da karatu, ni bari in yi maganar benci don nan na tsufa.

Ba DNA za a aiko maka a kwalba ba, bakteriya ce mai rai, yawanci E. coli DH10B, an soka ta cikin aga a wata 'yar ƙaramar kwalba. Tana jure 'yan kwanaki a hanya ba ƙanƙara, amma ka yi tunanin ta sauka Legas ko Abuja ta zauna wajen kwastan sannan ta hau mota zuwa Gusau a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. In da hali ka sa odar ta iso da hunturu, kuma a kai ta hannun wani a Abuja mai firiji ya taho maka da ita a kula. In ta iso firiji za ka sa ta ba firiza ba, wanda ya daskarar da ita haka nan ya kashe ta. Kuma kafin ka biya ko sisi ka bi ta kwamitin kula da lafiyar bincike na makarantarku, don bakteriyar da aka sa wa DNA ɗin wata halitta tana ƙarƙashin dokar hukumar NBMA mai kula da halittun da aka sauya wa gado, wadda aka kafa a 2015, gara ka tambaya tun yanzu da a riƙe maka kaya.

Ranar da ta zo ko washegari ka shafa ta a farantin LB, abincin renon bakteriya, mai maganin kuloramfenikol, maikirogiram 12.5 a kowace mililita, ba amfisilin ba, na ga masu zuba amfisilin don shi suka saba da shi sai su wayi gari faranti fes su ce an cuce su. Ka kwana da ita a digiri 37, da safe ka tsinci ɗigo ɗaiɗai kamar biyar ko shida, kowanne ka yi masa PCR, gwajin nan mai kwafo yanki ɗaya na DNA ya yawaita shi, da firaimomin Alad, wato gajerun DNA masu nuna yankin da za a kwafo. Kar ka yarda da abin da aka rubuta a jikin kwalba sai jel ya nuna maka, don faranti mai rami 384 da aka yi shekaru ana kwafa, wani lokaci maƙwabci na tsallakowa ramin maƙwabci.

Wajen fitar da DNA ɗin ma ka rage buri. Tunda kwafi ɗaya ko biyu ne a kowace bakteriya abin da za ka samu ɗan kaɗan ne ko ka dafa ruwa mai yawa, ƙaramin kit ɗin filasmid da kuka saba da shi ba zai ba ka abin kirki ba, hanyar alkali ta hannu ta fi, kuma a hankali, ba girgizawa a injin, ba ja da tura da fifet, ka ɗan yanke bakin tsinken fifet ɗin ya yi faɗi don zare mai haruffa 200,000 da ka matsa masa ya tsinke. In ka gama ka ajiye shi a firiji kar ka yi ta daskarewa da narkewa. Jel na yau da kullum ba ya raba manyan gutsattsari irin wannan, duk sai su taru a sama wuri ɗaya, mai son ganin girman sai ya yanka da enzayim ɗin NotI ya nemi na'urar da ke jujjuya wutar jel ɗin, ita kuwa ba ko ina take ba.

Maganar ajiya ita ce babbar. Ana gauraya bakteriyar da gilisarol a sa a -80, a haka tana shekaru. A -20 mai zuwa da dawowa kuwa kowane narkewa yana rage su har ka buɗe wata rana ba mai tashi. Abin da zan ce, ka yi kwalabe da yawa ka kai wasu ajiya inda suke da -80 mai sola ko janareta tsayayye, Sakkwato ko Zariya, duka ba su fi ƙarfin tafiyar yini daga Gusau ba, a gida kuma ka riƙa sabunta faranti duk bayan 'yan makonni ka naɗe bakinsa ka sa a firiji.

Fararen ɓerayenku kuma a'a. C57BL/6J baƙi ne wuluk. Abin da ke yawancin ɗakunan dabbobinmu ana ce masu Swiss albino ne, gauraye ne ba tsarkakakkiyar zuriya ba, wasu ma in ka tambayi takardar asalinsu ba mai nuna maka. In ka zana firaima daga haruffan C57 yawanci zai kama nasu, amma kar ka rubuta a tesis cewa abu ɗaya ne.

Dr_Ƙaura:

Ɗan_Anka sannu da ƙoƙari. Ni ɗan Ƙauran Namoda ne ina aiki a ɗakin gwajin ɓeraye a Ingila, na yi aiki da kulon ɗin nan da hannuna kuma ina ganin girmansu, amma da girmamawa ga malaminka ni ban ga abin da zai sa ka yi odar nan ba.

Alad ƙaramar ƙwayar gado ce, duk da intron ɗinta ba ta kai haruffa 20,000 ba, makunnin da kake so kuwa dubu ɗaya ko biyu ne. Wannan PCR ne kawai. Ka samu ɗan yankin wutsiyar ɓera ka fitar da DNA, ka kwafi haruffan daga UCSC kyauta, ka yi odar firaima, ka sa enzayim mai ƙarancin kuskure, ka aika a karanta maka abin da ya fito, shikenan. In lalle haruffan C57BL/6J kake so ba sauyi, kamfanoni na haɗa gutsure mai wannan tsawon daga rubutu kawai su aiko shi a bushe, ba ruwansa da zafi ba ruwansa da firiza. Ka kuma lura ALAD makunni biyu gare ta, ɗaya na aiki a kowane tantani ɗaya kuma na tantanin jan jini ne kaɗai wanda furotin GATA-1 ke hawa, sai ka san wanne kake bi, don in ka sa na jan jini a tantanin NIH 3T3 da ba na jini ba shiru za ka ji, tantanin jini irin MEL yake so. Kuma renon tantanin nan yana bukatar inkubeta mai iskar CO2 da wuta dare da rana, wannan ya fi maganar -80 tsanani a wurinka kuma ba wanda ya taɓo shi.

Inda BAC ke da ranarsa shi ne in abin da ke juya ƙwayar gado yana can nesa da ita kuma ba ka san inda yake ba, sai ka ɗauko unguwar gaba ɗaya. A 1997 ɗakin Takahashi a jami'ar Northwestern suna da ɓerayen da agogon barcinsu ya lalace, kwanansu ya koma wajen awa 28, sun san matsalar na kuromosom 5 amma ba su san wace ƙwaya ba, sai suka ɗauki BAC mai haruffa wajen 140,000 daga yankin suka sa a ƙwan ɓera, 'ya'yan da aka haifa agogonsu ya daidaita, da haka aka tabbatar da ƙwayar gadon Clock. A 1998 an yi irin haka da ɓeraye kurame na shaker-2 aka gano ƙwayar gadon Myo15. Aikin GENSAT na Heintz a Rockefeller da BAC aka yi shi, suna cusa ƙwaya mai koren haske a ciki su ga wane tantanin ƙwaƙwalwa ke kunna wace ƙwaya. Ko sikila da ta dame mu a gida darasin ɗaya ne, globin na beta ba ya aiki yadda ya kamata in ka raba shi da yankin LCR mai kunna shi da ke can gabansa, shi ya sa masu bincikensa suka koma sa manyan gutsattsarin DNA na mutum a jikin ɓera. Gyaran BAC ɗin kansa ba da almakashin enzayim ake yi ba don ya yi girma, ana sa shi a E. coli irin SW102 a rene ta a digiri 32 a ɗaga zuwa 42 na minti 15 sai ta ɗinke maka abin da kake so in ka ba ta haruffa 50 masu kama da wurin a kowane gefe. Abu ne mai daɗi wlh, amma ƙarshensa allura ce a ƙwan ɓera a ƙarƙashin madubi, ko tantanin ɗan tayi, kuma can ma sai zuriya ta dace, tun 1992 aka nuna DNA na zuriya ɗaya da tantanin ya fi shiga wurinsa nesa ba kusa ba, shi ya sa aka yi laburare daban na zuriyar 129 kamar RP22 da bMQ na cibiyar bincike ta Sanger. Tun da CRISPR, sabuwar hanyar gyaran DNA, ya shigo ɓera a 2013 ma yawancin ƙananan gyare-gyaren ba a bi ta BAC.

Sai babbar maganar. Dalma furotin ɗin ALAD take kamawa, ba makunnin ne babban wurin faɗanta ba, za ka iya shan wahalar nan duka hasken ya ƙi motsi. Tambayarka ta asali ita ce me ya sa wani ya fi wani tarawa. To a ɓera an san zuriyar DBA/2 tana da kwafin Alad fiye da ɗaya, C57BL/6 kuwa ɗaya, kuma da aka ba su dalma DBA/2 sun fi tarawa a jini, abin da ya yi daidai da cewa mafi yawan dalmar jini tana cikin jajayen tantani manne da ALAD. Ka ga RP23 na C57 ne, wato ainihin ninkin da ya fi dacewa da tambayarka ba ya cikinsa sam. A mutane kuma nau'in ALAD2 da ake yawan magana a kai yana da ƙaranci ƙwarai a 'yan Afirka, kar ka gina furojet a kansa. 

Da ni ne kai, fararen ɓerayen nan naku da Oga ya ce gauraye ne su zan mayar abin bincike. Ka auna ƙarfin ALAD a jinin kowanne da ruwan Ehrlich a sifektirofotomita, na'urar auna ƙarfin launi, kan nanomita 555, tsohuwar hanya ce tun 1974, ka ƙirga kwafin Alad na kowanne da qPCR, wato PCR mai ƙirga adadi, a inda suke da injin, sannan ka ga ko masu yawan kwafi sun fi tara dalma.

Ɗan_Anka:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Malama yanzu na gane adireshin, na shiga UCSC na ga Alad bisa kuromosom 4 da layukan RP23 da RP24 sun ratsa ta kanshi. Oga Allah shi ƙara girma, maganar kwamiti da hunturu na rubuta. Dakta maganarka ta shige ni amma ka san halin da ɗalibi ke ciki, ba ni iya zuwa in ce ma malamina shawararshi ba ta yi ba. Kuma in na bi hanyar qPCR ɗin, da mi zan gwada in san wanga kwafi ɗaya na wancan biyu, tunda ba ni da C57 ba ni da DBA?

Malama_BK:

Ba ce masa za ka yi ba ta yi ba ƙanena, takarda ɗaya za ka kai masa mai hanya biyu, kowacce da kayan da take ci da kuɗinta da watannin da za ta ɗauka da inda za a yi ta, ka sa maganar inkubeta a fili, ka ce Malam wacce ka ga za mu iya, shi da kansa zai zaɓa. Dakta ya yi gaskiya a kan makunni, amma ban yarda a jefar da kulon ɗin gaba ɗaya ba, don tambayarka ta ƙarshe ta dawo da shi. Kulon ɗin da ya ɗauko Alad tare da wata ƙwaya maƙwabciya da ke wajen yankin da ke ninkuwa, a cikinsa ɗaya da ɗaya suke ba tantama, sai ya zama ma'aunin da za ka gwada firaimominka biyu a kai kafin ka taɓa DNA ɗin ɓerayenka. Kuma don wannan aikin ba ka bukatar bakteriyar ta rayu shekaru, ka fitar da DNA sau ɗaya ka raba a ƙananan kwalabe.

Dr_Ƙaura:

Malama wannan na karɓa, sai dai a tabbata maƙwabciyar tana wajen ninkin da gaske, ya duba bayanan zuriyoyi 17 da Sanger suka fitar a 2011, DBA/2J na ciki, zai ga inda yawan karatun ya ninka da inda ya koma daidai. In ya ga kan iyakar ta yi nisa har kulon ɗaya ba zai haɗa su ba, to ya ɗauki ƙwayar gwaji daga wani kuromosom kamar Tfrc da aka saba amfani da ita, ya nemi tsantsar DNA ta C57BL/6J da ta DBA/2J, DNA zalla ba ta da wahalar tafiya irin ta mai rai. Ɗan_Anka ka turo haruffan firaimomin nan zauren kafin ka biya kuɗinsu mu duba maka, ka haɗa da girman gutsuren da kake sa ran gani a jel.